DILLALIN YAƘI BA YA ASARA

Jama'a, wannan mako za mu ƙetare teku da ku, domin akwai wata sana'a da ake yi a can wadda ya kamata kowane talaka da kowane ɗan kasuwa ya san da zamanta. Masu wannan sana'a ba sa noma, ba sa fatauci, ba sa kuma riƙe bindiga. Aikinsu shawara ne. Su ne suke zama su rubuta wa gwamnatocin Amurka da Turai yadda za su yi da sauran duniya, watau wace ƙasa za a ja a jiki, wacce za a matsa wa lamba, wacce kuma za a kai wa hari. Yau mutum yana jami'a yana koyarwa, gobe yana fadar shugaban ƙasa, jibi an naɗa shi jakada, gata ya koma wani gidan nazari yana rubuta littafi a kan aikin da shi da kansa ya yi.

Kowa ya san dokar kasuwa. Dillalin da ya sa aka sayi saniya mai ciwo, sunansa ya ɓaci a kara, kuma sai an kai shi gaban sarkin kasuwa. Mai awon da aka kama da mudu mai lanƙwasasshen gindi, ya rabu da masu saye. Amma waɗannan dillalai na yaƙi, ko ciniki ya yi kyau ko ya ɓaci, la'adarsu tana nan, har ma a ƙara musu girma. Domin kada a ce muna jifa cikin duhu, za mu kama sunan mutum ɗaya, mu bi sawunsa tun daga farko, ku kuma ku yi hukunci.

WANE NE IVO DAALDER?

An haifi Ivo Daalder a birnin Hague na ƙasar Holan a 1960. Ya yi karatu a Amurka da Ingila, ya sami digirin digirgir a jami'ar MIT, sa'an nan ya koyar a jami'ar Maryland. A 1995 aka ɗauke shi aiki a majalisar tsaro ta fadar Shugaba Bill Clinton, aka ba shi kula da al'amuran Turai, musamman yaƙin Bosniya. Da ya fito daga gwamnati sai ya shiga Brookings a 1998, wani babban gidan nazari da ke Washington, ya zauna a nan har shekara goma da ɗoriya yana rubuce-rubuce. Ya rubuta littafi a kan yadda aka kai ga sulhun Bosniya. Shi da Michael O'Hanlon sun rubuta wani a 2000 a kan yaƙin da NATO ta yi a Kosobo. A 2003 kuma shi da James Lindsay suka rubuta littafin da suka soki Shugaba George Bush a kan yadda yake gaban kansa a duniya ba ya jin shawarar abokai.

Ya taimaki Barack Obama da shawara lokacin neman zaɓe, kuma da Obama ya hau sai ya naɗa shi jakadan Amurka a ƙungiyar NATO. Ya riƙe wannan kujera daga Mayu 2009 zuwa Yuli 2013. Yana sauka aka ba shi shugabancin wani gidan nazarin harkokin duniya a birnin Chicago, ya jagorance shi fiye da shekara goma. A 2018 ma sun sake fitar da littafi shi da Lindsay, suna kukan cewa Amurka ta bar kujerar shugabancin duniya babu kowa a kai.

Ba mu ce mutumin jahili ba ne. Mai ilmi ne, mai ƙwazo ne. Ba mu kuma ce ya saci kuɗin kowa ba. Abin da ya haɗa mu da shi aiki ɗaya ne da aka yi yana kan kujera, da kuma abin da ya rubuta a kansa bayan an gama.

MECE CE NATO?

Wanda bai sani ba ya sani. An kafa NATO a Washington ran 4 ga Afrilu 1949, ƙasashe 12 na gaɓa biyu ta Tekun Atalantika suka yi alkawari cewa wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka. Tsoron Tarayyar Sobiyat ne ya haɗa su. Yanzu sun kai 32. Suna kiran kansu ƙawancen 'yanci, amma mu 'yan Afirka ba mu manta ba cewa cikin waɗanda suka kafa ta akwai Fotugal ta Salazar, wadda ta riƙe Angola da Mozambik da Gini Bisau da bakin bindiga har zuwa tsakiyar shekarun 1970. Ba mu kuma manta ba cewa a takardar alkawarin an lissafa Aljeriya cikin ƙasar Faransa.

A 1991 Tarayyar Sobiyat ta wargaje. In abin da ake gadi dominsa ya kau, mai gadi ko dai ya naɗe tabarmarsa ko ya nemi wani aikin. A nan ne masu sana'ar shawara suka yi rana. A 1999 NATO ta yi kwana 78 tana ruwan bama-bamai a Yugosilabiya ba da izinin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ba. A 2006 Daalder da James Goldgeier suka rubuta a mujallar Foreign Affairs cewa lokaci ya yi da NATO za ta zama ta duniya gaba ɗaya, ta buɗe ƙofa ga ƙasashe irin su Japan da Ostiraliya. Ku lura da kyau, jama'a. Mutumin da ya ba da shawara a faɗaɗa gonar, shi aka ɗauko bayan shekara uku aka ba shi fartanya.

ABIN DA YA FARU A LIBIYA

A watan Fabrairu 2011 mutanen gabashin Libiya suka tayar wa Gaddafi, shi kuma ya tura soja, ya yi barazanar bin masu tawaye gida-gida. Ran 17 ga Maris Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973. Ƙasashe 10 suka ɗaga hannu, 5 suka ƙi jefa ƙuri'a, watau Rasha da Sin da Jamus da Indiya da Barazil. Ƙudurin ya ba da izinin hana jirage tashi da kuma kare farar hula. Bai ce a tumɓuke gwamnati ba.

Ran 19 ga Maris aka soma jefa bama-bamai, ran 31 ga wata NATO ta karɓi ragamar yaƙin. Kafin tsakiyar Afrilu ta wuce, Obama da David Cameron na Ingila da Nicolas Sarkozy na Faransa sun rubuta takarda tare suna cewa lalle sai Gaddafi ya tafi. An karɓi izinin raba faɗa, aka shiga faɗan. Jiragen NATO sun tashi fiye da sau 26,000, cikinsu kusan 9,700 na kai hari ne. Ran 20 ga Oktoba aka kai wa ayarin motocin Gaddafi hari ta sama yana fita daga Sirt, 'yan tawaye suka kama shi suka kashe. Ran 31 ga Oktoba NATO ta ce ta gama aikinta, ta kwashe kayanta ta tafi.

Shin babu wanda ya nuna wata hanya? Akwai. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta naɗa shugabanni biyar, na Afirka ta Kudu da Muritaniya da Mali da Kongo da Uganda, su nemi a tsagaita wuta a zauna a sasanta. Sun yi shirin shiga Libiya daidai lokacin da aka soma hari, aka hana jirginsu hanya. Da wakilan suka isa Turabulus a watan Afrilu, Gaddafi ya ce ya karɓi shirin, 'yan tawayen Bengazi suka ƙi. Don me za su yarda da sulhu alhali jiragen manyan ƙasashe suna yi musu yaƙi kyauta? Shugaba Mahamadou Issoufou na Nijar ya gargaɗi manyan ƙasashe a taronsu na Deauville a watan Mayu na wannan shekara cewa in ba a yi hankali ba Libiya za ta koma kamar Somaliya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba a saurare shi ba.

YABON KAI

Ƙura ba ta gama lafawa ba sai Jakada Daalder da Admiral James Stavridis, babban kwamandan sojan NATO na lokacin, suka ɗauki alƙalami. A fitowar Maris da Afrilu 2012 ta mujallar Foreign Affairs suka buga dogon bayani, suka kira abin da aka yi nasara, suka ce ga yadda ya kamata a riƙa shiga ƙasa a gyara ta, abin koyi ne. Suka ce an ceci rayuka dubun-dubata, ba a rasa sojan ƙawance ko ɗaya ba, kuma Amurka ba ta kashe abin da ya wuce dala biliyan ɗaya da 'yan kai ba. Babban darasin da suka fitar shi ne cewa Turai ta dogara da Amurka da yawa, don Amurka ce ta ba da kashi uku cikin huɗu na leƙen asiri ta sama da na jiragen da ke ba wasu mai a sararin sama, saboda haka Turawa su ƙara sayen irin waɗannan kaya.

Wannan shi ne mai awo ya auna wa kansa, ya kuma ba da shaida cewa mudu ya cika. Hausawa suka ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Wannan ɗa ko shekara bai yi ba. A daidai watan da mujallar take kan teburin masu karatu, ran 22 ga Maris 2012, soja suka kifar da gwamnatin Amadou Toumani Touré a Bamako, saboda 'yan tawayen arewacin Mali, waɗanda da yawansu daga Libiya suka dawo da manyan makamai, sun fi ƙarfin sojan gwamnati. Kafin mako biyu Kidal da Gao da Tambutu duk sun faɗi. A Janairu 2013 sai ga sojan Faransa a Mali, an zo kashe wutar da aka taya hurawa.

To, bari mu buɗe littafin bashi, mu karanta abin da masu yabon kai ba su biya ba.

Sakataren NATO na lokacin, Anders Fogh Rasmussen, ya ce ba a tabbatar da mutuwar farar hula ta hannunsu ba. A Mayu 2012 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta bi wuraren da aka jefa bam, ta ƙirga farar hula aƙalla 72, cikinsu 34 a ƙauyen Majer a dare ɗaya.

Garin Tawarga, na baƙaƙen fatar Libiya, mai mutum fiye da 30,000, mayaƙan Misirata suka kore shi kaf a watan Agusta 2011, lokacin da jiragen masu kare farar hula suke shawagi a sama.

'Yan ci-rani daga Nijar da Nijeriya da Chadi da Mali da Gana, magina da masu gadi da masu aikin gona, aka riƙa kama su ana ce musu sojan hayar Gaddafi saboda launin fatarsu. Dubun-dubata suka gudo ta Dirku da Agadas hannu rabbana, gidajen da suke ci daga abin da suke aikowa suka shiga wani hali.

Rumbunan makaman Gaddafi aka bar su a buɗe. A 2013 masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da rahoto cewa makaman Libiya sun bazu zuwa ƙasashe fiye da 12.

Ita kanta Libiya, a Satumba 2012 aka kashe jakadan Amurka Chris Stevens a Bengazi. A 2014 ta rabu gida biyu, kowane da gwamnatinsa da sojansa. A 2015 'yan ƙungiyar IS suka kama Sirt. A Nuwamba 2017 tashar CNN ta nuna wa duniya hoton inda ake gwanjon 'yan Afirka a kan dala 400. Hanyar da kakanninmu fatake suke bi daga Kano zuwa Gat da Gadamas da Turabulus da fatu da tufafi, a zamaninmu an wayi gari ana cinikin 'ya'yanmu a ƙarshenta.

Ba mu kaɗai muka faɗa ba. A taron Dakar na Disamba 2014 Shugaba Idriss Déby na Chadi ya gaya wa Turawa a gaban idonsu, da harshen 'yan kasuwa, cewa sun sayar da kaya ba su dawo sun duba yadda yake aiki ba. A Afrilu 2016 Obama da bakinsa ya ce babban kuskuren mulkinsa shi ne rashin shirya abin da zai biyo bayan faɗuwar Gaddafi. A Satumba 2016 kwamitin harkokin waje na majalisar dokokin Ingila ya bincika, ya ce an shiga yaƙin ba da ingantaccen labari ba, an zuzuta haɗarin da farar hula suke ciki, kuma aikin kariya ya rikiɗe ya zama na sauya gwamnati. Duk wannan ihu ne bayan hari. Shi kuwa Jakada a lokacin yana Chicago yana shugabancin gidan nazari. Admiral Stavridis ya zama shugaban makarantar koyon harkokin jakadanci ta Fletcher, daga baya ya shiga babban kamfanin zuba jari na Carlyle. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma wannan karon tsuntsu ya ja ruwa ya tashi, mu ruwan ya doka.

MASU CEWA BA MU YI ADALCI BA

Mun san abin da za a ce, kuma ba za mu kauce masa ba.

Za a ce Gaddafi azzalumi ne. Haka ne. Ya yi shekara 42 yana mulki ba zaɓe. A 1996 an kashe fursunoni kusan 1,200 a kurkukun Abu Salim. Ya yaƙi Chadi a kan yankin Auzu. A 2010 ya ce a raba Nijeriya, har gwamnati ta janye jakadanta. Ba mu da wani bashin yabo da yake bin mu. Amma muna tambaya, yaushe Turawa suka gane azzalumi ne? Tony Blair ya je ya gaishe shi a tantinsa a 2004. Sarkozy ya karɓe shi a Faris a 2007, har aka kafa masa tanti a tsakiyar birni. Lokacin nan Abu Salim ta riga ta faru.

Za a ce da ba a shiga ba da an yi kisan kiyashi a Bengazi, kuma ƙasashen Larabawa da kansu suka roƙa a hana jirage tashi. Mun ji. Ko da mun yarda da wannan duka, tankokin da suka nufi Bengazi an tsayar da su cikin kwanakin farko. Me ya hana a tsaya nan a ba shirin Afirka dama? Wata bakwai aka yi ana hari. Garin neman gira aka rasa ido.

Za a ce jakada ɗan aike ne, ba shi ya yanke hukunci ba. Gaskiya ne, shugabanni ne suka yanke. Amma ba wanda ya tilasta masa ya rubuta cewa abin koyi ne. Ɗan aike yana iya isar da saƙo ya yi shiru. Wanda ya fito ya ce wa duniya ga yadda ake yi, a kwaikwaya, ya ɗora wa kansa nauyin abin da ya faɗa. Kuma mutumin da ya iya rubuta littafi guda yana sukar Bush ya san yadda ake auna aikin gwamnati da mudu mai kyau in ya ga dama.

Za a ce muna ɗora wa baƙi laifin gida. A'a. Rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri a 2009, Gaddafi yana raye. Talauci da zalunci da rashin makaranta da satar dukiyar jama'a, waɗannan namu ne, ba jirgin NATO ya kawo su ba. Busasshiyar ciyawa tamu ce. Amma wanda ya ga ciyawa a bushe ya jefa garwashi ya wuce, ba zai ce ba ruwansa da gobara ba.

AKWAI WANDA YA YI DABAN

Kada a ɗauka duk jakadan da ya koma nazari haka yake yi. George Kennan, wanda ya rayu daga 1904 zuwa 2005, shi ne ya aiko da doguwar waya daga Mosko a 1946 wadda ta zama tushen manufar Amurka ta tare Tarayyar Sobiyat. Ya yi jakada a Mosko a 1952, ya yi a Yugosilabiya daga 1961 zuwa 1963, sauran rayuwarsa ya ƙare ta yana nazari a Princeton. Ba masoyin talaka ba ne, ba kuma abokin Afirka ba ne. Amma ya iya duban gidansu ya ce an yi kuskure. A 1966 ya tsaya gaban majalisar dattawa ya soki zurfafa yaƙin Biyetnam. A 1997 ya rubuta a jaridar New York Times cewa faɗaɗa NATO zuwa gabas mummunan kuskure ne da zai tunzura Rasha. A 2002, yana da shekara 98, ya yi gargaɗi a kan yaƙin Iraƙi. Ana iya jayayya da shi, kuma maganarsa ba ta wanke Rasha daga mamayar da ta yi wa Yukiren a 2022 ba. Abin da muke nunawa shi ne amfanin mai ilmi ga gwamnati yana wajen faɗa mata abin da ba ta son ji. Shi ya sa aka fi yabon Kennan da baki fiye da bin shawararsa.

WA KE CIYAR DA GIDAJEN NAZARI?

Ɗan kasuwa in ya ga shago yana ta haske ba a ciniki, sai ya tambaya wa ke biyan haya. A 2014 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda gwamnatocin waje suke zuba miliyoyin daloli a gidajen nazarin Washington. A 2020 wani bincike na cibiyar Center for International Policy ya nuna cewa manyan gidajen nazari 50 na Amurka sun karɓi fiye da dala biliyan ɗaya daga gwamnatin Amurka da kamfanonin ƙera makamai tsakanin 2014 da 2019. Ba mu ce an sayi wane ko wane ba. Ba a ma bukatar a sayi kowa. In mai ƙera makami yana cikin masu biyan kuɗin fitila, wanda ya ce a ƙara sayen jirage zai sami kujera a gaba, wanda ya ce a zauna a sasanta zai tsaya a bakin ƙofa. Kuma a duk zauren nan babu kujerar mai sayar da albasa na Agadas ko direban da ke bin hanyar Gao, alhali kuwa su ne za su kwana cikin abin da aka yanke.

NAMU LAIFIN

Yanzu mu dawo gida, don in mun tsaya a kan Bature kaɗai mun yi rabin gaskiya. Ran da aka zartar da ƙuduri na 1973, ƙasashen Afirka uku ne a Kwamitin Sulhu, Nijeriya da Afirka ta Kudu da Gabon, kuma duka ukun sun ɗaga hannu. Ƙuduri yana bukatar ƙuri'a 9 kafin ya wuce, an sami 10. Ku yi lissafi da kanku. Da biyu daga cikin ukun nan sun sauke hannu, da bai wuce ba. A watan Agusta 2011 kuma Nijeriya ta amince da gwamnatin 'yan tawaye tun Tarayyar Afirka ba ta yi ba. Wa aka tambaya? An kawo maganar gaban jama'a? An tambayi mutanen kan iyaka?

Iyayenmu ba haka suka yi ba. Da Faransa ta yi ta gwajin bam ɗin nukiliya a Reggane cikin Sahara tun daga Fabrairu 1960, Nijeriya ta kori jakadanta a Janairu 1961. Da aka ƙulla yarjejeniyar tsaro da Ingila lokacin samun mulkin kai, ɗalibai da 'yan hamayya da ma'aikata suka tashi tsaye har aka soke ta a Janairu 1962. Talakawan wancan zamani ba su da rediyo a kowane gida, amma sun gane cewa maganar waje maganar tuwo ce.

Muna kuma jan kunnen masu murna cewa an kori wani baƙo an kawo wani. Sojan Faransa sun bar Nijar a ƙarshen 2023, na Amurka sun bar sansaninsu na Agadas a 2024. A Mali kuwa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an kashe mutum aƙalla 500 a garin Moura a Maris 2022, a wani samame na sojan ƙasar tare da baƙin mayaƙa fararen fata. Kowace babbar ƙasa tana da nata dillalan, kuma babu wanda yake zuwa don Allah.

ABIN DA MUKE NEMA

Na ɗaya, duk lokacin da wakilinmu zai jefa ƙuri'a a kan yaƙi a wata ƙasar Afirka, ko za a ƙulla yarjejeniyar soja da wata ƙasa, a kawo maganar gaban majalisa a fili, a kuma bayyana ta a rediyo da harsunan da jama'a suke ji.

Na biyu, muna da namu gidajen nazari. Akwai cibiyar harkokin ƙasashen waje da aka kafa a Legas a 1961, akwai ta Kuru da aka kafa a 1979. Da kuɗin jama'a suke aiki. Su fito su zauna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da direbobi da makiyaya da waɗanda suka dawo daga Libiya, su rubuta abin da yaƙin nan ya jawo mana da hujja da lissafi, kada mu zauna sai wanda ya yi ɓarna ne zai ba mu labarinta.

Na uku, duk tsohon jakada ko janar da aka gayyato ya yi mana lacca a kan tsaro, a karɓe shi da mutunci kamar kowane baƙo, amma 'yan jaridarmu da ɗalibanmu su tambaye shi abin da ya faɗa a baya da yadda ya ƙare. Haka ake yi wa dillali kafin a sake ba shi kaya.

Na huɗu, gwamnatocinmu su matsa a Majalisar Ɗinkin Duniya a bi kadin farar hular da bama-baman 2011 suka kashe, a biya iyalansu diyya.

Ku kuma 'yan'uwa na kasuwa da na gona, kada wani ya ce muku wannan magana ta masu digiri ce. Wanda ya rufe shago saboda hanya ba ta biyuwa, da wadda ɗanta ya tafi Libiya bai dawo ba, sun fi kowane gidan nazari sanin abin da aka yi a 2011. Ku karanta wannan, ku karanta wa wanda bai iya ba, ku kuma riƙe tambayar nan ga duk mai neman ƙuri'arku: in aka sake kawo irin wannan ƙuduri, hannunka zai tashi ko zai sauka? In kunne ya ji, jiki ya tsira.